Mu San Kalmominmu: Girgizar Ƙasa

 A wannan fili namu, kowane wata muna ɗaukar kalma guda, mu ɓare ta kamar gyaɗa, mu ga abin da ke ciki.

Kalmar wannan wata wani dattijo ne ya zaɓa mana ita. Manomi ne a wani ƙauye na jihar Maraɗi, bara ya gama ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannunsa ya rubuto mana wasiƙa. Ɗansa yana ci-rani a arewacin Aljeriya, yana aikin gini. Rannan yaron ya kira shi ta wayar salula, ya ce cikin dare sun ji ɗaki yana rawa, kwanoni suna ƙara, kowa ya fito waje da gudu. Ubangidansa Balarabe ya ce «zalzala» ce. Takardar da aka liƙa a wurin aiki da Faransanci ta ce «séisme». Rediyo kuma da Hausa tana cewa «girgizar ƙasa». Dattijo ya tambaye mu: «Shin masifa uku ce a garin nan, ko guda ce mai suna uku? In kira yarona ya dawo gida, ko in bar shi ya nemi abincinsa?»

Baba, mun gode da wannan wasiƙa. Matambayi ba ya ɓata. Abu guda ne mai suna da yawa. Bari mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sannan mu zo ga maganar yaro.

GIRGIZA DA ƘASA

Sunan da muke da shi a Hausa kalmomi biyu ne aka haɗa: girgiza da ƙasa.

Kowa ya san girgiza. Yaro yana girgiza magarya don ƴaƴanta su zubo. Jaki in ya gama birgima sai ya tashi ya girgiza jiki. Wanda bai yarda da magana ba yana girgiza kai. A duk waɗannan motsi iri ɗaya ne: abu ya je ya dawo, ya je ya dawo, da sauri, kuma bai bar wurinsa ba. Ku faɗi kalmar a hankali, ku saurara: gir-giz-a. Sautin farko ya maimaita kansa. Haka Hausa take yi in aiki yana maimaituwa. Ku dubi ƴan uwanta: jijjiga, karkarwa, raurawa, kakkaɓa. Baki yana kwaikwayon abin da ido ya gani.

Ita kuwa ƙasa tana da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai ƙasar da muke shuka a cikinta, kamar jigawa da fadama. Akwai ƙasar da muke takawa, wadda gidaje da duwatsu da koguna suke bisa kanta. Akwai kuma ƙasa mai tuta da gwamnati, kamar Nijar ko Mali. A cikin «girgizar ƙasa» ta biyun ake nufi. Saboda haka in kun ji rediyo ta ce an yi girgizar ƙasa a Turkiyya, kada ku ɗauka yaƙi ne ko juyin mulki. Doron da mutane ke tsaye a kai ne ya motsa. Amma in an ce «labarin ya girgiza ƙasa baki ɗaya», wannan salon magana ne, zukatan mutane ake nufi.

Masu koyon rubutu, ku lura da ƙaramin harafin «r» da ke tsakani. Shi ne igiyar da ta ɗaure kalmomin biyu, kamar yadda yake cikin «gonar gero» da «rigar sarki». Girgiza mace ce a Hausa. Shi ya sa muke cewa ta faru, ta yi ɓarna, ta lafa.

ZALZALA

Sunan da ubangidan yaro ya faɗa Larabci ne. Duk wanda ya riƙe allo ya taɓa gamuwa da shi, domin sura ta 99 a cikin Alƙur'ani mai girma sunanta ke nan, Suratul Zalzala, mai ayoyi 8, wadda ke magana a kan girgizar ranar ƙarshe. Larabawa da wannan kalma suke kiran girgizar da ake yi yau da gobe a duniya, babba ko ƙarama.

Ku faɗe ta ita ma a hankali: zal-zal-a. Haruffa biyu ne tushenta, «z» da «l», aka maimaita su sau biyu. Ma'anarta a motsa abu da ƙarfi, a yi ta motsa shi. Kun ga Balarabe da Bahaushe, kowa a harshensa, dabara guda suka yi.

Kalmar ta yi tafiya mai nisa tare da karatu da fatauci. Mutanen Iran da na Pakistan suna amfani da ita. Turkawa ma sun daɗe suna cewa «zelzele», amma yanzu sun fi cewa «deprem», wadda suka ciro daga wata kalmarsu ta asali mai nufin motsawa. A gabashin Afirka, masu harshen Suwahili suna cewa «tetemeko la ardhi», wato karkarwar ƙasa. Ku saurari farkonta: te-te. Su ma sun maimaita.

A nan sai mun ja kunne. Kada a rikita zalzala da zaizaya. Sun yi kama a kunne, amma hanyarsu daban. Zaizayar ƙasa ita ce ruwa da iska su riƙa cin gona a hankali, shekara da shekaru, har kwazazzabo ya buɗe baki. Haka kuma in gefen tudu ko bakin rijiya ya rufto, wannan zaftarewa ce. In tabki ya ƙafe da rani laka ta tsattsage, wannan aikin rana ne. Duk cikinsu babu girgizar ƙasa.

SUNAYEN TURAWA

Faransawa suna da suna biyu. Na mutanen gari shi ne «tremblement de terre». «Terre» ita ce ƙasa, «tremblement» kuma karkarwa, irin ta mai masassara ko wanda sanyi ya kama. Na biyun shi ne wanda yaro ya gani a takarda, «séisme», ana faɗinsa kamar «seyisim». Wannan na masana ne da ƴan jarida. Sun aro shi daga tsohon harshen Girka, inda «seismos» ke nufin girgiza, ba ƙari ba ragi. Daga nan aka sami sunan na'urar da ke auna abin, «sismographe», wato mai rubuta girgiza.

Masu Ingilishi suna cewa «earthquake»: rabin farko ƙasa, rabin ƙarshe karkarwa. Mutanen Italiya da Sifen suna cewa «terremoto», daga tsohon harshen Latin, ma'anarta motsin ƙasa. Can gabas mai nisa, mutanen Japan suna cewa «jishin»: «ji» ƙasa, «shin» girgiza.

To, kun gani. Daga Maraɗi har Japan, kowa abin da ƙafarsa ta ji ya faɗa. Sunan yana gaya mana yadda abin yake a jiki. Bai gaya mana abin da ke kawo shi ba, domin waɗanda suka raɗa sunayen ba su ga abin da ke can ƙarƙashi ba.

ME KE GIRGIZA TA?

Da yake ido bai gani ba, mutanen da suka ba da labarai iri-iri. A wasu ƙasashen gabas tsofaffi suna cewa duniya bisa ƙahon wani ƙaton sa take, in ƙaho ɗaya ya gaji ya juya ta zuwa ɗayan, sai ƙasa ta motsa. A Japan cewa suke wata ƙatuwar tarwaɗa ce ke kwance a ƙarƙashi, in ta kaɗa wutsiya sai gidaje su zube. Waɗannan tatsuniyoyi ne.

Ga abin da masu bincike suka gano. Doron duniya ba dutse guda ba ne. Ku ɗauki ƙwarya da ta fashe aka ɗinke ta. Ƙwarya ɗaya ce, amma sakaina-sakaina ce, kuma ga layin ɗinki a tsakani. Haka ɓawon duniya yake: manyan sakaina kamar bakwai, da ƙanana masu yawa. Ƙarƙashinsu akwai dutse mai tsananin zafi, wanda ke motsi a hankali. Su ma sakainan suna tafiya bisa kansa, santimita kaɗan a shekara, kamar yadda farcen mutum ke tsiro.

A wurin ɗinki ne ake samun matsala. Sakaina biyu suna tura juna, ko suna gogar juna, amma bakinsu ya cije. Ƙarfi yana taruwa shekara goma, shekara ɗari, ko fiye. Ku tuna in kuna lanƙwasa busasshen kara. Yana lanƙwasuwa, yana lanƙwasuwa, sai farat ɗaya ya karye, ku ji tsirin a hannu. Ran da dutsen ƙarƙashi ya goce haka, motsin yana bazuwa ko'ina, kamar in an jefa dutse cikin tabki ruwa ya yi zobe-zobe har gaɓa. Wannan motsin da ya iso ƙarƙashin ƙafa shi ne girgizar ƙasa.

Wani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ne a 1912 ya fito ya ce manyan yankunan duniya suna tafiya. Yawancin masana na zamaninsa ba su yarda ba. Sai a shekarun 1960, bayan an auna ƙarƙashin teku, aka tabbatar doron duniya yana motsi. Kowane abu da ikon Allah yake faruwa. Sanin hanyar da yake biyowa kamar sanin hadari ne kafin ruwa: yana sa mutum ya kimtsa.

INA TA FI YAWA?

Afirka kusan duka bisa sakaina guda take. Wannan sakaina tana turawa arewa, tana matse ta Turai, abin da bai kai santimita ɗaya ba a shekara. Ɗinkin ya bi ta tekun Bahar Rum da arewacin Maroko da Aljeriya. Shi ya sa can abin ba baƙo ba ne. Ran 10 ga Oktoba 1980 girgiza ta rushe garin El Asnam a Aljeriya, wanda yanzu ake kira Shalif, mutum fiye da dubu 2 suka rasu. Ran 21 ga Mayu 2003 ta sake yi a Bumardas, gabas da babban birnin ƙasar, nan ma fiye da dubu 2. Ran 8 ga Satumba 2023 ta afka wa ƙauyukan duwatsun Atlas a Maroko, kudu da Marrakesh, ta kashe kusan mutum dubu 3. Cikin shekarar 2023 ɗin kuma, ran 6 ga Fabrairu, da asuba mutane suna barci, wata ta yi a Turkiyya da Siriya, aka rasa fiye da mutum dubu 50.

Mu a Nijar muna tsakiyar sakaina, nesa da ɗinki. Shi ya sa tsoho zai shekara 80 a Damagaram ko Tawa bai taɓa jin ƙasa ta motsa ba. Alhamdu lillahi. Amma ko cikin sakaina akwai tsofaffin tsagogi, kuma wani lokaci sukan motsa. Ran 22 ga Yuni 1939 girgiza ta rushe gidaje ta kashe mutane a Akara, babban birnin Gana, wanda ƴan ci-raninmu ke kira Ankara. A watan Disamba 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gine. A watan Satumba 2018 mutanen unguwar Mpape a Abuja sun ji ƙasa tana motsi ƙarƙashinsu, amma wannan ƙarama ce.

LAMBAR DA REDIYO KE FAƊA

In an ba da labarin girgiza, kullum sai a haɗa da lamba: mai ƙarfin 5, mai ƙarfin 6.8. Wani masani ɗan Amurka, Charles Richter, shi ya fito da wannan awo a 1935. Yau masana sun gyara hanyar lissafin, amma lambobin suna kusa da nasa.

Wannan awo ba irin na tiya da buhu ba ne, inda tiya 6 ta fi tiya 5 da guda kawai. A nan in lamba ta ƙaru da ɗaya, ƙarfin ya ninka kamar sau 32. In ta ƙaru da biyu, ya ninka kamar sau 1,000. Wadda ba ta kai 3 ba, sau da yawa na'ura kaɗai ke jin ta. Mafi girma da aka taɓa aunawa ita ce ta ƙasar Cile a 1960, mai ƙarfin 9.5.

Amma lamba ba ita kaɗai ke faɗin yawan ɓarna ba. Ku dubi Agadir, wani gari a bakin teku a Maroko. Daren 29 ga Fabrairu 1960 girgiza ta same shi. Ƙarfinta bai kai 6 ba, kuma ba ta yi ko rabin minti ba. Duk da haka mutum wajen dubu 12 suka mutu, kamar kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin. Dalili? Ta tashi kusa da doron ƙasa, daidai ƙarƙashin gari, cikin dare, kuma ginin gidajen ba mai jure motsi ba ne. Haka aka yi a Bam ta ƙasar Iran ran 26 ga Disamba 2003. Garin ginin laka ne irin namu, mai rufi mai nauyi, mutum fiye da dubu 26 suka rasu.

Wannan shi ne abin da sunan bai faɗa ba. Wanda girgiza ta samu a tsakiyar gona ko a wurin kiwo, yawanci faɗuwa zai yi ya tashi ya kakkaɓe riga. Abin da ya fi kashe mutane shi ne bango da rufi da suka faɗo musu.

SAƘO GA ƳAN CI-RANI

Baba, yanzu mun zo ga maganar yaro. Dawowarsa ko zamansa shawara ce tsakaninka da shi. Abin da muka sani shi ne, a arewacin Aljeriya ƙananan girgiza suna yawan faruwa, su wuce ba su yi wa kowa kome ba. Manyan kuwa sukan yi shekaru da yawa tsakaninsu, kuma miliyoyin mutane suna zaune can suna sana'arsu. Tambayar da ta fi amfani ka yi masa ita ce: ina kake kwana? Ƴan ci-rani da yawa suna kwana cikin ginin da ba a gama ba, kusa da tulin bulo da ƙarafa. Wannan wuri ne mai hatsari. Ka karanta masa waɗannan, sauran iyaye ma su karanta wa nasu:

1. In kana waje ƙasa ta fara motsi, ka tsaya a fili. Ka nisanci bango da turakun lantarki da dogayen gine-gine.

2. In kana cikin ɗaki, ka durƙusa, ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙwari ko gado, ka kare kai da wuya da hannu, har motsin ya tsaya. Ka nisanci taga mai gilashi.

3. In kana bisa bene, kada ka yi tsalle ta taga, kada ka shiga na'urar hawa da sauka. In motsi ya tsaya, ka sauko ta matakala ba tare da turereniya ba.

4. Bayan babba, ƙanana sukan biyo baya, cikin awoyi ko kwanaki ko makonni. Ginin da ya tsage, su ke ƙarasa shi. Kada ka koma ciki don ɗauko kaya ko kuɗi. Rai ya fi dukiya.

5. In ka ji warin gaz, kada ka ƙyasta ashana.

6. In kana bakin teku girgiza mai ƙarfi ta yi, ka hau tudu nan da nan. Wani lokaci teku yakan taso da manyan igiyoyin ruwa. Sunan wannan «tsunami», kalmar Japan ce: «tsu» mashigin jiragen ruwa, «nami» igiyar ruwa.

Abu na ƙarshe, ku yi hattara da jita-jita. Masana sun san wuraren da girgiza ta fi yawa, amma har yau babu mai iya faɗin rana da sa'ar da za ta zo. A watan Janairu 2010, kwanaki kaɗan bayan babbar girgizar ƙasar Haiti, wani saƙon ƙarya ya bazu ta wayar salula a Gana cewa girgiza na zuwa cikin dare. Mutane da yawa suka kwana a waje, da yara da tsofaffi, gari ya waye babu abin da ya faru. In irin wannan saƙo ya shigo wayarku, kada ku tura wa wani. Ku saurari rediyo da hukuma.

AIKIN GIDA

Ƴan ajin yaƙi da jahilci, ku ɗauki allo ko littafi ku rubuta waɗannan kalmomi uku: girgiza, zalzala, zaizaya. Ku ja layi ƙarƙashin sautin da aka maimaita a kowace. Sannan ku nemo wasu kalmomin Hausa biyar masu irin wannan maimaici, ku kai wa malaminku. Wanda ya sami masu kyau ya aiko mana, za mu buga su tare da sunan ƙauyensa.

Wata mai zuwa kalmarmu ita ce ta ukun nan, zaizaya. Biyun farko labarinsu muke ji daga nesa. Ita kuwa tana bakin gonar kowa, tana kwashe ƙasa mai albarka duk damina. Za mu yi magana a kan jera duwatsu, da haƙa rabin wata, da sassaben zamani, da barin gawo ya girma a gona.

Baba, a gaida yaro in ya sake kira. Allah ya tsare mana ƴaƴanmu da ke nesa, ya dawo da su lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.